Rimot Mai Ja Hagu

"Kin taka birki," in ji Baba.

Auta ba ta ɗago ba. Tana durƙushe a gaban talabijin, tana naɗe wayoyin tsohuwar na'urar wasan bidiyo tana cusa su cikin kwali da ƙarfin da ya fi na aikin.

"Ban taka ba."

"A kwanar ƙarshe kika taka. Shekara talatin da biyu ina riƙe da sitiyarin bas, yarinya. Ko cikin barci na san motar da ta kauce ta ba ni hanya."

"Baba, zancen kwana shida ke nan fa! Kwana shida kana maimaita shi kamar karatu."

Ya kawar da kai wajen taga. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa, yatsun sun fara lanƙwashewa ciki kamar ganyen da rana ta daka. Wannan hannun ne ya hana Auta sukuni. Shekara ɗaya da rabi ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sauke Baba daga mota. Likitan gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, Baba ya ce shi ba jariri ba ne, ya wurga shi ƙarƙashin gado. Abin da ya ta da yatsun nan shi ne wasan tseren mota. Kullum ta dawo daga ofis sai su zauna, shi da rimot ɗinsa, ita da nata, yau ya ci gobe ta ci, suna ihu har Mama ta leƙo daga kicin ta ce maƙwabta za su zaci dambe ake yi. Da haka ya koma riƙe kofi, da haka ya koma ɓalla maɓallin rigarsa da kansa.

Sai ta sayo sabuwar na'ura. Wata biyar tana mafarkinta. Mai shago ya rantse mata duk tsofaffin faya-fayanta za su yi a ciki, kuma bai yi ƙarya ba: wasan nan dai shi ne, hanyoyin su ne, motocin su ne, sai dai hoton ya yi kyan da mutum zai so ya kai hannu ya share ruwan sama daga gilashi. Tsofaffin rimot masu waya ne kawai ba su shiga, amma ta zo da nata sababbi fil. Ranar farko Auta ta cinye Baba sau biyar, har tana zagayo shi ta baya. Rana ta biyu ma haka. A ta uku ta ga yadda leɓensa ke rawa, sai ta fara sassautawa. Tun daga nan bai sake taɓa rimot ba.

"Wasan ɗaya ne," ta ce, tana danne muryarta. "Faifan ma shi ne. Me tsohuwar take da shi wanda wannan ba ta da shi?"

"Ni ban ce komai ba."

"Ai shi ya sa kaina ke ciwo!"

Mama ta shigo da tsumma a hannu, idonta a kan kantar da tsohuwar na'urar ta bari. "Ki kai ta wajen mai gyara kawai, Auta. Abu yana ƙugi kamar injin niƙa, ga zafi, ga ƙura. Biyu a falo ɗaya, gidan kallo muka buɗe? In babu ita dole ya saba da sabuwar. Tangaran ɗina ma sun samu wurin zama."

Da Auta ta rungumi kwalin ta ce ta tafi, da hagu Baba ya ɗaga mata hannu.

A cikin bas ta ɗora kwalin a cinya tana ta huci ita kaɗai. Ta ci shi, laifi. Ta bar shi ya ci, laifi. To ta yi yaya, ta haɗiye rimot ɗin? Ta tuna yadda ta shigo da sabuwar gida ranar nan, zuciyarta kamar ta tashi sama, tana hango shi yana dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa. Idanunta suka ciko, haushin hawayen ya ƙara mata wani haushin. Matar da ke gefenta ta tambaya ko rasuwa aka yi. Auta ta ce a'a, taurin kai ne.

Shagon mai gyara yana can ƙuryar layin masu kayan lantarki, ɗan ƙuƙut, da ƙyar mutum biyu za su tsaya. Ƙaurin dalma ya cika shi. Mai gyaran, wanda duk layin ke kira Injiniya, dogo ne siriri, da gilashin ƙara girma a goshi, bakinsa kuma ba ya hutu. Shi ya ce zai karɓi tsohuwar ya cire kayan gyara a jikinta.

"Malama, wannan ai ta ga duniya," ya ce yana jona ta da wata ƙaramar talabijin. "Ji nishinta. Bari mu ga abin da ya rage."

Ya ɗauki rimot na farko, na Baba, wanda robarsa ta suɗe. Ya zagaya filin tseren da mota sau ɗaya ya gyaɗa kai. Ya ɗauki na biyu. Motar na tashi ta zarce hagu ta rungumi katanga. Ya dawo da ita, ta sake komawa.

"Kai! Wannan wa kuke ba wa? Baƙon da ba ku so ya sake zuwa?"

"Nawa ne."

"Naki? Da wannan kike tuƙi?" Ya juya ɗan maɓallin tuƙin da babban yatsa, ya sake shi, motar ta ci gaba da ja hagu ita kaɗai. "Kuma kina kai wa ƙarshe?"

"Har ina ci. Wani lokacin."

"Wa kike ci?"

"Babana."

"To Allah ya ja kwanan Baba, amma da hannu ɗaya kike faɗa da shi, ɗayan kuma da rimot. Ranar da kika riƙe lafiyayye sai ya nemi gyaran zama."

Auta ta tuna ranar da aka dawo da Baba daga asibiti, ta miƙa masa mai kyan, ta riƙe mai matsalar, daga nan kuma ta manta. Yatsanta ya saba da kokawar har ta daina jin ta. Duk tseren da suka yi, da iya ƙarfinta ta yi shi, haƙoranta a cije, shi ma da iya nasa. Ba ta taɓa yi masa alfarma ba, shi ya sa in ya ci yake buga cinya yana cewa a kira masa kwandasta ya tattara fasinja.

Wayarta ta yi ƙara. Mama ce. Hayaniyar layin ta sa ta fita har bakin titi, yatsa a kunne.

Mama ba ta iya gajeren zance ba. Sai da ta bi ta kan mai gyaran famfo da bai zo ba, da maƙwabciyar da ta ari dutsen guga tun makon jiya, da tangaran da ta jera suka yi kyau, sannan ta sauke murya. "Kofin shayi ya suɓuce masa. Ya zube a riga. Na zo in taimaka ya ce in bar shi. Yanzu yana ɗaki, wai barci yake ji."

"Mama, ina dawowa da ita."

"Da wa?"

"Tsohuwar."

"Ke Auta! Yanzu fa na gama jera..."

"Ki sauke su. Ko ki ɗora su a kan sabuwar, ni ban damu ba."

Ta koma shagon kusan da gudu, tana ture masu dako, zuciyarta fes karo na farko cikin mako guda. "Injiniya, na fasa. Mayar mini da ita cikin kwali."

"Na sani," ya ce, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Tun da kika ce babanki na ga alamar ba za ki iya rabuwa da ita ba. Shi ya sa na yi miki kyauta." Ya miƙo mata rimot ɗinta. "Gwada ki ji. Na canza masa sabon maɓalli. Yanzu miƙe yake kamar layin makaranta."

Ta karɓa. Motar ta tafi sak, santsi kamar a mafarki. Auta ta ji kamar ta kurma ihu.

"Wa ya sa ka?"

"Na'am?"

"Wa ya ce ka gyara? Na ce ka gyara? Minti nawa na yi a waje?"

"Malama, da wayar da kika yi ai har injin mota sai in sauke. Mutane godiya suke yi fa."

"Ina wanda ka cire?"

Ya nuna wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur. Ta jawo shi. Cike yake da ƙananan maɓallai, duk kamarsu ɗaya, duk matattu.

"Mayar mini da shi."

Injiniya ya sauke gilashinsa daga goshi ya dube ta ta ciki, kamar ita ce ke buƙatar gyara. "Shekarata goma sha ɗaya a layin nan. An ce in gyara, an ce na cuci mutum, an taɓa kawo mini na'urar da ɓera ya haihu a ciki. Amma ba a taɓa cewa in mayar da lalacewa ba."

"To yau an ce."

"Sun fi saba'in a ciki. Wanne ne naki?"

"Mai ja hagu. Ba sosai ba. Kamar yaron da ake ja zuwa wajen allura."

Ta faɗa masa dalili a taƙaice, da kofin shayin da komai. Ya yi shiru, abin da maƙwabtansa ba su taɓa ji ba. Sannan ya tura mata kujera da ƙafa, ya zazzage gwangwanin a kan tebur, ya kunna ƙarfen dalma.

Na farko ya ja dama. Na biyu bai motsa ba sam. Na huɗu ya sa motar ta riƙa juyi a wuri ɗaya, har mai shagon gefe ya leƙo yana tambaya ko sabon wasa ne. Masu kawo gyara biyu suka gaji da jira suka tafi. Injiniya yana ta mita, yana hura yatsansa da ya ƙone, yana cewa da ya sani da ɗinki ya koya.

A na tara, motar na tashi ta karkata, babban yatsan Auta ya tare ta tun kafin ta yi tunani. Ta shiga kwanar farko tana kokawa, ta goga katanga, ta fita da ƙyar. Dariya ta ƙwace mata, da hawaye a ciki.

"Shi ne. Rufe shi."

Ya ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai. Ya ɗauko 'yar takardar nan mai lambar wayarsa da yake manna wa duk abin da ya fita daga shagon, ya dube ta, ya mayar da ita cikin aljihu.

"Malama, don Allah," ya ce, "in an tambaye ki, ba a nan aka yi ba."