Ranar da Aka Fitar da Miyar Inna Hansai Waje

Tun da Inna Hansai ta baro Gusau ta zo Saskatoon, can ƙasar Turawa, wurin ɗanta Nafi'u, wanda matarsa ta haihu, ba ta ga abin da ya burge ta ba. Mutane ne da za su tambaye ka lafiya, kafin ka buɗe baki sun yi gaba. Shi kansa Nafi'u ya lalace. Da safe sai ya zuba wani ɓawon hatsi cikin madara mai sanyi, ya sha a tsaye, wai ya karya kumallo.

Ana nan sai maƙwabciyarsu Darlene, wata dattijuwa, ta gayyace su cin abinci.

"To, ashe akwai mai hankali a unguwar," in ji Inna.

"Amma fa Inna, kowa da nasa kwanon zai je. Haka suke yi."

"Ban gane ba. In dafa a gidana, in kai gidanta, in ci, sannan in yi mata godiya?"

"Al'adarsu ce."

"Rowa ce dai aka ɗaura mata ɗankwali."

Duk da haka ta ce sai ta nuna musu yadda ake fita kunya. Ta jiƙa shinkafa, ta fito da tandar da ta zo da ita daga gida, ta soya waina cike da kwando, ta haɗa miyar taushe da naman rago.

Da suka isa, Darlene ta rungume ta, ta kira ta Hansai gatsau, kamar tare aka yi musu suna. Inna ta dubi teburin. Ɗanyen ganye, taliya mai sanyi, cuku an yayyanka kamar sabulu. Ga wani ƙaton kare ya miƙe a kan kujera. Ta taɓe baki ta buɗe tukunyarta, ƙamshi ya cika falon.

Darlene ta tambayi abin da ke ciki. Nafi'u ya ce kabewa, alayyafo, gyaɗa. Nan take fuskar matar ta canza. Ta shiga ba da haƙuri ba ƙaƙƙautawa, ta rufe tukunyar, ta sungume ta, ta fita ta ƙofar baya ta dire ta a kan ƙanƙara.

"Kai, ina za ta kai mini miya?"

"Inna, jikarta ce ba ta shiri da gyaɗa, ga ta can a falon. In ta taɓa bakinta maƙogwaronta kumbura yake, sai asibiti."

"Gyaɗa? Gyaɗar da muke ba yara su tauna su ƙyale mu mu yi aiki?"

"Wallahi da gaske ne, tana iya mutuwa."

"Allah ya tsare. Amma ni ban taɓa ganin ƙasar da kare ke falo, miya ke waje ba."

Ta zauna ta ɗauki guntun burodi, ta ƙi kallon kowa. Can sai ta hango Gord, mijin Darlene, ya ɗebi waina a faranti ya sulale ta baya. Wani ya bi shi, wata ta bi. Ta taga tana ganinsu sun kewaye tukunyar cikin rigunan sanyi, suna ci a tsaye, tururi na fita daga bakunansu kamar shanu a mashaya. Sai da suka suɗe ta tas, suka wanke hannu da baki, sannan suka dawo.

Gord ya zo hanci jawur, yana magana yana dafa ƙirji.

"Wai bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba," in ji Nafi'u. "Yana so ki gaya masa yadda ake yi."

"Tambaye shi, matarsa ba ta ba shi abinci ne?"

Nafi'u ya juya ya ce masa ta gode ƙwarai.

Washegari da safe ƙarar inji ta tashe ta. Ta leƙa, sai ga Gord da injinsa yana share musu ƙanƙarar ƙofar gida, ba sallama ba gaisuwa.

"Ka gani ko? Ciki ne ya kawo shi," ta ce wa Nafi'u. Ta ɗora tanda a wuta. "Je ka ce masa ya shigo. Amma a gidan nan zama ake yi a ci abinci."