Katin da Afiniki Ta Ɓoye

"Ki kwashe su duka, Kulu, kafin motarsu ta iso."

Ina durƙushe a gaban gadon Malama Afiniki, ina jawo gwangwanin madarar da take ajiyewa can ƙurya. A cikinsa akwai ƙwayoyin magani na wata biyu, da wani kati da ya sha ninki har ya yi laushi kamar tsumma. Katin asibitin Kware ne, na masu taɓin hankali. Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san abin da mutane ke nufi in sun ce an kai wane Kware.

"In kai su ina?" na ce.

"Ki jefa a masai, ko ki ƙona. Keziya dai kada ta gani."

Afiniki maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a nan Bodinga shekara goma sha tara. 'Yar Zuru ce, Kirista, ungozoma a asibitin gari har ta yi ritaya. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo, har da autana. Yanzu ƙodarta ce ta gaza. Likitocin Sakkwato sun yi iya yinsu sun ce a dawo da ita gida, ita kuwa da ta tsufa a aikin asibiti ba ta nemi a yi mata ƙarin bayani ba. Keziya ce 'yarta tilo, tana aure a Shagari, ita muke jira a ranar.

Maganin cikin gwangwanin ba na ƙoda ba ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mijinta Malam Ishaya ya rasu a hatsarin babur. Da aka watse makoki, Keziya ta koma makaranta a Zuru, sai na daina jin tsintsiyar Afiniki da safe. Kwana biyu, kwana biyar. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin zuba ido ba, na tura ƙofa na shiga. Na same ta kwance ta juya wa duniya baya, tuwon da na aika mata tun shekaranjiya yana nan a rufe ya yi tsami. Ba kuka take yi ba. Da kukan ne ma da sauƙi. Ta ce mini kawai ji take an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji, in ta buɗe baki za ta yi addu'a sai ta ji kamar da bango take magana.

Wani likita abokin aikinta ne ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ni na raka ta Kware ranar farko, ta lulluɓe da mayafina don kada wani ya gane ta. Daga nan duk wata uku in zan shiga Sakkwato sarin kayan koli sai mu tafi tare, ita ta ce wa 'yan cocinsu za ta bibiyar takardu. Ta samu sauƙi, ta koma aiki, ta koma waƙa a zumuntar matan cocinsu. Wani lokaci abin ya dawo mata ya yi mako biyu, in zo in zauna ina gyaran zogale a gefenta ba mai cewa uffan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Maniru mijina. Ga wanda ya san bakina, wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Na ƙulle gwangwanin a gefen zanena na kai ɗakina. Ban jefa ba, ban ƙona ba.

Da hantsi suka iso, Keziya da mijinta Yunana, malamin makaranta, da jaririyarsu 'yar wata bakwai. Rabona da Keziya tun suna. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma sai ido, rigarta na rataye a kafaɗa. Ta gaishe da uwarta, ta yi abin da ya kamata, amma jaririyar na kuka a bayanta kamar ba ta ji.

Na same ta a bayan ɗaki wajen murhu, ta ɗora ruwa ta manta ba ta hura wuta ba.

"Keziya, mi ya same ki? Kin ga yadda kinka koma?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ɗin nan shi ya cinye miki wuya? Hwaɗa min, ni na goya ki."

Tana kallon itacen ta ce tun da ta haihu ba ta barci sai na minti kaɗan. Kullum gabanta na faɗuwa, ji take wani abu zai sami yarinyar, kuma in ta ɗauke ta ba ta jin daɗin da ake cewa uwa na ji. An yi mata addu'a a cocinsu na Shagari, ta yi azumin kwana uku har ruwan nononta ya ja baya. Matan zumunta sun ce ta daina ba Shaiɗan wuri, mai bin Yesu ba ya zama da baƙin ciki.

"Gaskiyarsu ce, Inna. Ki dubi Mama. Baba ya rasu, ko sau ɗaya ban ga ta karaya ba. Ni bangaskiyata ce ba ta kai ba." Ta sunkuyar da kai. "Akwai safiyar da nake cewa da ma ban farka ba."

Na hura mata wutar, don in ban sami abin yi da hannuna ba zan yi kuka. Ga maganar da za ta cece ta a bakina, ga amanar shekara goma sha ɗaya ta danne.

Da Yunana ya fita sayo ƙanƙara, Keziya ta shiga wanka, na koma kan Afiniki. Allah Ya yafe mini, na yi faɗa da mai jinyar ajali.

"Shekara talatin kina karɓar haihuwa, ba ki gane abin da ad damun ɗiyarki ba?"

"Tun daga bakin ƙofa na gane."

"To, mi kike jira? Cewa take ke dutse ce, ita ce ragguwa. Ƙaryar da munka yi ni da ke, ita ce za ta kashe ta."

Ta rufe ido. Ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi, numfashinta na fita da ƙyar.

"Kulu, ba ki san dangin miji ba ne? In suka ji uwarta ta je Kware, za su ce hauka a jininmu yake. Su karɓe yarinyar, su ce ba za ta iya reno ba. Kuma ni... Abin da zan bar mata ke nan. Ba gida, ba gona. Ta tuna uwarta ta tsaya da ƙafarta."

"Ki tahi da sunanki mai kyau, ki bar ta cikin rami. Wanga gado ba shi da amfani."

Ta juya fuskarta bango. Na fita ina huci, na je gida na zauna, sai kunya ta rufe ni. Mace na jiran ranarta, ni kuma na je na ɗora mata wani kayan. Amma ko da na yi nadamar muryar da na ɗaga, ban yi nadamar maganar ba.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Mutane na ta shiga da fita. Matan unguwa su kawo kunu da fura, su ce Allah Ya sa kaffara ne. Matan cocinta su zo da rawayen ɗankwalinsu iri ɗaya, su yi waƙa a hankali, shugabarsu Mama Ladi ta riƙe hannun Keziya ta ce, "Ki yi koyi da uwarki, ki saki fuska." Ba mugunta ba ce, matar kirki ce, ita ta kwana uku tana wanke wa Afiniki jiki. Abin da ta sani ke nan. Keziya ta ce to, ta ƙaƙalo murmushi, ni kuwa kamar in haɗiye zuciya.

Ranar Laraba da safe, bayan sun tafi, Afiniki ta kira ni da hannu.

"Kin ƙona?"

"Ban ƙona ba."

"Na sani. Kunnen ƙashi gare ki tun muna da sauran haƙora. Ɗauko."

Na kawo. Ta sa aka kira Keziya da Yunana, ta ce a tayar da ita zaune. Na tashi zan ba su wuri, ta ce in zauna, ai ni ce shaida. Da kanta ta buɗe gwangwanin, ta miƙa wa Keziya katin.

"Karanta sunan."

Keziya ta karanta. Ta dubi kwanan watan farko, ta juya bayansa inda aka jera ranakun zuwa, layi bayan layi, har suka cika aka liƙa wata takarda.

"Mama, wannan na waye?"

"Nawa ne. Ranar da kika koma makaranta kina ɗaga mini hannu ina dariya, na shiga ɗakin nan na yi kwana goma sha biyu ban tashi ba. Tambayi Kulu."

"Haka anka yi," na ce.

"Na zaci Ubangiji ya yashe ni. Na ce da ina da bangaskiya da ban zama haka ba. Sai da na fara shan magani kaina ya ɗan sarara, na iya buɗe Littafi Mai Tsarki, na ga ashe cike yake da masu kuka. Kin tuna annabi Iliya? Mutumin da ya roƙa wuta ta sauko daga sama, shi ne ya gudu jeji ya kwanta gindin itace ya ce ya gaji, a ɗauki ransa. Allah bai yi masa faɗa ba. Abinci ya aika masa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai da jiki ya dawo sannan aka yi magana." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Yesu ma, daren da za a kama shi, bai ɓoye ba. Ya ce wa abokansa ransa ya yi nauyi, su zauna kusa da shi. Shi bai ji kunya ba, ni na ji. Kunyar nan tawa ce ta cuce ki, ki gafarce ni."

Keziya ta kifa kanta a cinyar uwarta, kukan da ban ji ta yi ba tun zuwanta ya ɓalle. Afiniki ta bar ta, tana shafa mata ƙeya.

"Ban daina addu'a ba ko rana ɗaya, ban daina magani ba. Wata ran addu'ar ba ta wuce in ce, ga ni nan, ka gan ni. Ya kuma ji. Amsar ce ta zo mini da likita, da wannan mai bakin tsiyar."

Yunana yana tsaye bakin ƙofa da jaririyar a kafaɗa. Ya ce, "Mama, ni ba ƙi nake ba. Amma in mutanen gida suka ji..."

"Ɗana, mutanen gida ba su ke kwana da ita ba, kai ne. Ka riƙe 'yarka, ka riƙe matarka. Wanda ya ce hauka ne, ka ce masa surukarka ta yi shekara goma sha ɗaya da irinsa tana karɓar haihuwa, ba ta taɓa yar da ɗan kowa ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Mama."

Ranar Alhamis ta cika, ana kiran la'asar a masallacin unguwa. Keziya na riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. Ba ta yi wata magana ta ƙarshe ba, ruwa ta nema, na ɗiga mata da cokali, ta ɗan tsotsa, shi ke nan. Na ja mata zane. Na yi rashi, wallahi, irin wanda ban yi ba tun rasuwar yayata.

A zaman makoki aka jera kujeru har bakin titi, 'yan cocinsu da namu 'yan unguwa. Kowa ya tashi ya faɗi alherinta. Mama Ladi ta ce shekara ashirin suna tare, ba ta taɓa ganin damuwa a fuskar Afiniki ba, aka ce amin. Na cika bakina da goro. Keziya ta ɗago ta dube ni daga cikin mata, na dube ta, muka bar wa mamaciya yabonta.

Bayan an dawo daga Zuru inda aka binne ta, da kwana huɗu, na ji sallama da sassafe. Keziya ce, da goyo, Yunana a bayanta riƙe da jaka. Ya ɗauki hutun kwana ɗaya a makaranta.

"Inna, ba mu san hanya ba. In an sauka Sakkwato, a ina ake samun motar Kware?"

A bakin titi ta faɗa, da muryarta ta kullum, ga Maniru zaune a dakali yana jin rediyo. Na ce su jira in ɗauko mayafi.

Muka sami bas a tasha, mu uku a kujerar baya. Yunana ya karɓi jaririyar. An yi ruwa da asuba, gero ya fara kai gwiwa a gonakin bakin hanya. Ba mu kai kwanar filin jirgi ba na ji nauyi a kafaɗata, kan Keziya ne, bakinta a ɗan buɗe, ta yi barci. Yaron mota ya juyo zai yi magana, Yunana ya ɗora yatsa a leɓe. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu, ban motsa shi ba har muka shiga gari.