Kalma Biyu daga Bakin Baba Babagana

"A'a, Maimuna. Kin sake cewa ke ce kurmar. Maimaita."

Baba Babagana ya faɗi haka yana jingine da bangon zaurensa, tari na cin ƙirjinsa. Maƙwabcinmu ne a Garwa, tsohon tafinta da ya yi shekaru a ƙasar Faransawa wajen Cadi. Sati uku ke nan bai iya tashi ba.

Lokacin ana yaƙin Turawa, Jamusawa na cikin ganuwarsu, sojojin Faransa sun yi sansani a bayan gari. Su suka kama ƙanena Hamadu a bakin kogin Binuwai. Sun daka masa tsawa bai tsaya ba, suka ce ɗan leƙen asiri ne. Hamadu kuwa tun haihuwa ba ya ji.

"Kalma biyu ce ta Faransanci za ki faɗa musu," in ji Baba. "Sœur, 'yar'uwa. Sourd, kurma."

"Baba, ni duk ɗaya nake ji."

"Kunnenki ne bai saba ba. Dubi bakina. Ta kurma, tsuke leɓe kamar za ki hura wuta. Ta 'yar'uwa, saki haɓa, harshe ya matso gaba."

Matarsa Fanta ta leƙo. "Malam, numfashin nan naka fa?"

"Bar ni. Yau yana da amfani."

Tun hantsi muke yi har rana ta take. In na yi kuskure sai ya girgiza yatsa, don magana ta fara yi masa tsada. Can na faɗa daidai, sai ya lumshe ido.

"Yauwa. Tafi yanzu, kada ki gaisa da kowa a hanya, bakinki ya manta."

A sansanin, gaban wani Baturen soja, na dafa ƙirjina na faɗi ta farko, na nuna Hamadu a ɗaure na faɗi ta biyu. Baturen ya dube ni. Ya zaga bayan Hamadu ya tafa hannu da ƙarfi. Hamadu ko motsi. Aka kwance shi.

Da la'asar muka shigo unguwa, muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ban iya yi wa Hamadu bayani ba. Shi ya ga tabarmar Baba an wanke an shanya a kan danga, ruwa na ɗiga daga gefenta. Ya tsaya yana kallo.