Gyaran Muryar Baba

Ana gobe za a yi wa Auta intabiyu a makarantar koyon jinya, sai ta ce ita ta fasa zuwa. Ummanta tana kan keken ɗinki, ko ƙafa ba ta ɗaga ba.

"Kin fasa saboda me?"

"Da Turanci za su tambaye ni, Umma. Ni kuwa bakina ya ɗaure."

Umma ta san bakin nan lafiyarsa ƙalau. Marigayi mijinta malamin makaranta ne, shi ya koya wa yarinyar Turanci. Yakan zauna a kujerar gindin taga, Auta ta tsaya gabansa tana ba shi labarin abin da ta yi jiya, da wanda take yi yau, da wanda za ta yi gobe. Ba ya faɗa, ba ya tsawa. In ta sa wa aikin jiya rigar yau, ko ta manta jelar nan ta harafin "s" da ya ce aiki yana ɗauka in mutum ɗaya ne ya yi shi, gyaran murya kawai zai yi, ta koma ta gyara.

"Tashi ki faɗa mini abin da za ki gaya musu," in ji Umma.

Auta ta fara. Kalma kaɗan ta tsaya, ta dubi kujerar. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Nan Umma ta gano ciwon. Yarinyar tana jiran a gaya mata ko ta yi daidai, kujera kuwa ba ta magana.

Karatun Umma bai wuce firamare ba, Turancinta iyakarsa gaisuwa. Amma ta miƙe, ta kwashe yadukan da ta jibge a kujerar don kada wani ya zauna, ta zauna. Hannun kujerar ya yi santsi inda marigayin yakan dafa.

"Fara."

Auta na tsakiyar magana, Umma ta yi gyaran murya. Yarinyar ta koma baya, ta maimaita a hankali, ta ɓata fuska.

"Ai daidai ne."

"Da babanki ne, da ya tsayar da ke."

"Wallahi ba zai tsayar da ni ba. Bara na gama sakandare, abu ya wuce, haka ake faɗa."

"To, ci gaba, sarkin gardama."

Can Umma ta ƙara yi.

"Haba Umma, yayyena nake nufi. Suna da yawa, ba jela."

Ta ci gaba, yanzu da ɗan fushi, maganar na gudu. Sai ta tsaya da kanta, ta gyara wata kalma.

"Nan ne ya kamata ki yi, kin bar shi ya wuce."

"Ni da ko zagina kike yi ban sani ba? Na yi inda babu kuskure, kin ƙi yarda. Na yi shiru inda akwai, kin cafke shi. Me kuma kike nema a wurina?"

Auta ta yi dariya, ta goge ido da bayan hannu.

"Wace riga zan sa?"

"Shuɗiyar. Jona dutsen guga tun ba a ɗauke wuta ba."