Sautin da Take Ragewa

…kuma wannan ma ba ya fita. Bidiyon yaye ɗalibai ne, shugaban makaranta na ta motsa baki kamar mai tauna ƙashi. Masu ɗaukar hoton yanzu! Su tsaya can ƙarshen ɗaki da waya, sannan su kawo mini in yi musu sihiri. Ƙara sauti. Ƙara kaɗan. Yauwa, ga murya ta fara leƙowa.

Saura bugawa a faifai, kuma wannan aikinki ne, uwar yara, ga shi kin tafi duba ƙanwarki. "Kai dai gyara sautin, Maigida, bugun faifai nawa ne." Tun bara kika ƙwace kujerar nan. Na ɗauka son aiki ne, har ina tsokanarki wai za ki kore ni daga shagona.

Ina kike ajiye ayyukan ne ma a kwamfutar nan? Ga na jiya… biyu? Me ya sa biyu? Ɗaya da sunan da na sa masa, ɗaya an ƙara masa "na bugawa". Na shekaranjiya ma biyu. Na makon jiya…

In buɗe nawa. Ma'aunin sauti ya haye ja, ya manne a sama, ko motsi ba ya yi. Wannan ai fasa lasifika ne! Wa ya yi wannan ɓarna? In buɗe naki — kore, yana hawa yana sauka lafiya lau, kamar numfashin mai barci. In sa a kunne… shiru-shiru. Can nesa.

To, ba masu ɗaukar hoto ba ne.

Laifi tudu ne. Shekara guda ina zagin wayoyin mutane. Ni da nake jin ƙarar fanka a cikin kaset tun kafin mai shi ya zauna, ni da ake cewa kunnena ya fi na'ura… Telan da ke maƙwabtaka da mu ya ce rediyona na hana shi yanka, na ce tsufa ke damunsa. Tsufan wa?

Malamar nan da ta zo karɓar faifanta: "Aikinka tas, Baba, ko tsaki babu." Na washe baki, na ce sai an daɗe ana yi. Kina gefe kina liƙa takarda a jikin kwali, ba ki ko ɗago ba. Kai, mata! Ashe kowane faifai sai kin bi bayana kin sauke abin da na ɗora, ki bar mini yabon.

Me ya hana ki faɗa? Kin san ni. Da na yi fushi, da na rantse lafiyata ƙalau, wataƙila da na rufe shagon don kunya. Kin rufa mini asiri har daga ni kaina. Allah Ya saka miki da alheri, Ya saka wa iyayen da suka haife ki. Na gode, wallahi na gode.

Yanzu fa? In mayar da wannan kore, in bi ido tunda kunne ya… in buga, in yi shiru kamar ban gani ba? Ko in ce ki raka ni asibiti?

Waya na haske a kan tebur. Ke ce. Kira na huɗu, in ji allon — tana nan dab da hannuna, kuma ban ji ko ɗaya ba.