Kilo Tamanin

Daga ƙaramin filin jirgin da take aiki zuwa na garinsu minti hamsin ne a sama, awa tara a mota. Ba a takarda ta karanta ba, da jikinta ta auna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, tana sabuwar ma'aikaciya a kantar tikiti, aka bugo mata waya cewa jikin mahaifiyarta ya rikice. Jirgin nasu ɗan mitsitsi ne, kujera goma sha tara, komai sai ya hau sikeli, har mutum. Ma'aikaci kyauta yake shiga, amma sai in nauyi ya rage, kuma shugaban kantar tikitin ke cewa e ko a'a. Ranar kilo tamanin ya rage. Shugaban ya dube ta tana sharɓar kuka, ya dubi firjin wani abokinsa, ya zaɓi firji. Ta bi mota. Kafin ta isa an dawo daga maƙabarta, har an share ɗakin.

Yau ita ce shugabar kantar, kuma abin bai taɓa barin ranta ba. Da hantsi ana lodin jirgin garinsu, sai ga tsohon shugaban, ya yi ritaya, riga ta sha guga, yana kaɗa katin tsofaffin ma'aikata na shiga jirgi kyauta.

"'Yata, a taimaka mini da kujera. Ƙarfe biyu za a ɗaura auren autata."

Ta duba takardar nauyi. Saura kilo tamanin da biyar. A gefe kuma ga kwalaye huɗu na tayil ɗin daɓe, waɗanda mai su ya ce ko jibi ne babu komai.

Tsakani da Allah, ta so ta bar shi ya wuce. Furfurarsa ta ba ta tausayi. Abu ɗaya kawai take nema, ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba? Firjin nan dai ya isa lafiya ko?"

Ya yi dariya har da dafa teburin kantar. "Wane firji kuma, 'yar nan? Ai firjin da na ɗora a jirgin nan sun fi gashin kaina."

Ashe ko tunawa ba ya yi! Ita tana kwana da abin tana tashi da shi, shi kuwa ko a jikinsa. Nan take tausayin ya bushe. Ta juya wajen masu lodi.

"Ku shigar da tayil ɗin nan, duka huɗun."

"Haba 'yata! Tayil? Ni fa mutum ne!"

"Nauyi ya cika, ranka ya daɗe. Kai ka koya mana aikin."

Ya dubi agogon bango. Shekara talatin yana aiki a filin nan bai taɓa bin hanyar ƙasa ba.

"To... a mota awa nawa ne?"

Ta sa hannu a takardar, ta buga hatimi, sannan ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Tara. Kada ka yi ta duba agogo a hanya, ba ya rage komai. Na gwada."