Ƙwarƙwata a Kwarmin Raihanatu

Ranar da Raihanatu ta watsa abinci a kwarmin simintin da ke bayan gidanta a Tsarnawa, kifin karfasan da take kiwo suka ƙi tasowa, ta san akwai magana. Da can tun abinci bai taɓa ruwa ba suke turmutsitsi. Yau sai goga jiki suke yi da bango. Wani ya zabura kamar an tsikare shi da allura, ya koma kusurwa yana buɗe baki.

Ta kamo ɗaya ta juya shi. Wasu ƙananan halittu ne faifai-faifai manne a fatar cikinsa, wurin ya yi jajir. Ta ɗauki hoto ta aika wa ɗiyarta Nabila, mai karatun kiwon kifi a Maraɗi.

Nabila ta kira nan take. "Inna, ƙwarƙwatar kifi ce. Ko a ƙasashen sanyi, masu kiwon wani kifin teku da ake kira salmon suna fama da irinta. In ta yi yawa, kifi ba ya samun natsuwa, jikinsa kullum a firgice, har ya bar ci. Wanda ya galabaita haka, ko yawan kamu na iya kashe shi. Ki bi su a hankali."

Da la'asar yayanta Badaru ya shigo da galan a hannu. Maganin feshin wake ne.

"Zuba wanga, gobe ki iske ƙwarin sun mace," in ji shi.

"Yaya, kifin ga mutane za su ci shi."

"Wa zai sani? In an gasa shi, shi ke nan."

"Ni na sani. Kuma a wahale suke, wanga dafi zai ƙarasa su."

Badaru ya yi dariya har da tafa hannu. "Kifi ke wahala? Halan ciwon zuciya gare shi? Abin da lakwal, makarantar bokon ga, ta koya wa Nabila ke nan?"

"Ko mi ta koya mata, ba ni zubawa."

Fuskarsa ta canza. "Ni ne babba a gidan ga."

"Kai ne babba, Allah shi ƙara girma. Amma kwarmin ga ni na haƙa shi."

Ya nufi bakin ruwa yana kwance murfin galan. Raihanatu ta sha gabansa, ta zauna daram a kan bangon kwarmin, ta tsoma ƙafafunta cikin ruwa.

"To, zuba."

Badaru ya daɗe yana kallonta. Ya maida murfi, ya fice ba sallama.

Aikin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Ta raba kifin zuwa kwarmi na biyu don su samu sarari. Ta yi musu rumfar zana, ta hana kowa leƙe da hayaniya. Ta riƙa sauya ruwa tana sa gishiri gwargwadon yadda Nabila ta ce. Ta jera alluna a cikin ruwa, ƙwarin su yi ƙwai a kai, ta fidda su ta shanya a rana. Duk da haka kowace safiya sai ta kwashe matattu, ta binne su a gona. Maƙwabta suka ce taurin kai ya cinye mata kiwo.

Kusan rabi suka tafi. Wani hantsi, bayan an fara yankan gero, ragowar suka ci abincinsu tas.

Wani dillali daga Ƙonni ya zo da babur yana neman kifi, ya duba su ciki da waje, ya ce zai ɗauka duka. Raihanatu ta ce sai sun ƙara murmurewa.

Badaru bai sake taka bayan gidan ba. Ranar da ta yi kamun farko, ta soya manya ta aika masa a kwano. Kwanon ya dawo a wanke, ba saƙo. Ta kife shi, ta ɗauki waya ta ce wa Nabila ta nemo mata inda ake samun ƙananan kifi masu lafiya, domin kwarmi na uku za ta haƙa.